Yadda Ake Kiwon Tsutsar Teku Platynereis a Ɗakin Bincike, Daga Ƙwai Har Ta Sake Yin Ƙwai

A cikin dabbobin da masana ilimin halittu ke ajiyewa don bincike, ɓera da ƙudan 'ya'yan itace da kifin zebra ne suka yi suna. Amma akwai wata tsutsar teku da ta haura shekara 70 a hannun masu bincike ba tare da zuriyarta ta yanke ba, ita ce Platynereis dumerilii. Danginsu ɗaya da tanar ƙasa da matsattsaku, wato tsutsotsi masu jiki gaɓa-gaɓa, sai dai ita a ruwan gishiri take zaune, cikin ciyayin bakin teku inda ruwa bai yi zurfi ba. Idan ta gama girma tsawonta santimita 3 zuwa 4 ne. A 1953 wani masani Bajamushe mai suna Carl Hauenschild ya fara kiwonta daga waɗanda aka kamo a tekun Napoli na Italiya, kuma yawancin tsutsotsin da ake aiki da su yau a Heidelberg da Biyena da Faris tattaɓa-kunnen waɗancan ne.

Masana sun riƙe ta ne saboda ba ta yi saurin sauyawa daga tsohon tsarin jikin dabbobi ba. Ƙuda ya zubar da abubuwa da yawa na gado a tafiyarsa, ita kuwa ta riƙe su. A 2004 ayarin Detlev Arendt a cibiyar binciken halittu ta Turai (EMBL) da ke Heidelberg a Jamus ya nuna cewa a ƙwaƙwalwarta akwai ƙwayoyin halitta masu jin haske irin waɗanda ke cikin idon ɗan Adam. A 2005 kuma aka ga yadda ƙwayoyin gadonta suke a shirye ya fi kusa da namu fiye da na ƙuda. Ga ƙwanta garai-garai, ana ganin duk abin da ke gudana a ciki.

Kafin ka sayi ko roba ɗaya, riƙe wannan: Platynereis sau ɗaya take haihuwa a rayuwarta, daga nan sai mutuwa. Ba ka da uwa da za ka ajiye ta yi ta ba ka ƙwai duk mako. Saboda haka rabin aikin kiwonta lissafin lokaci ne, na awoyi a farkon rayuwarta, na wata kuma a ƙarshe.

Mataki na 1: ɗaki da ruwa

Sanyin ɗakin ya tsaya a digiri 18 na Salshiyas, dare da rana. Wannan lambar ba kwalliya ba ce. Duk jadawalin girman jariran tsutsar da aka wallafa a kan digiri 18 aka auna shi, idan ɗakinka ya hau ko da digiri biyu ne jariranka za su riga jadawalin, ka kira abu mai awa 48 alhali jikinsa ya wuce nan. Wanda zai gwada wannan aiki a ƙasa mai zafi, to ya fara warware batun wutar lantarki da na'urar sanyaya ɗaki kafin ya yi maganar tsutsa, don yini guda na zafin bazara ya isa ya shafe aikin shekara.

Mazauninsu robobi ne masu faɗi marasa zurfi, masu murfi. Ruwa kaɗan ake zubawa, santimita 2 ko kusa da haka, domin iska ta riƙa ratsa shi. Idan tsutsotsin sun yi yawa a roba ana saka siririn bututu mai hura iska. Ruwan teku na gaske da aka tace shi ne ya fi dacewa da ƙwai da jarirai. Manya suna jure wanda aka haɗa da gishirin teku na kanti, gram 35 a kowace lita, kuma ɗakunan bincike da dama suna gauraya biyun. Kada murfi ya zauna a buɗe, ruwa zai ƙafe gishiri ya yi yawa.

Sabulu kuwa haramun ne a wannan ɗakin. Duk kofi ko roba da sabulu ya taɓa, ko maganin da ake kashe nama da shi don dubawa, ba ya komawa wurin masu rai. A ware musu kayansu, a yi musu alama, a riƙa wanke su da ruwa zalla.

Mataki na 2: kafa musu wata

Nan ne wannan kiwon ya bambanta da na kowace dabba. Da rana fitila tana kunne awa 16, a kashe awa 8. Amma a kowane zagaye na kwana 29 zuwa 30, ana kunna wata ƙaramar fitila mai raunin haske da dare har dare 7 ko 8 a jere. Ita ce farin watansu. Sauran dararen kuma duhu ne ƙirin.

A tekun Napoli an daɗe da lura cewa tsutsotsin suna fitowa haihuwa ne a watannin zafi, kuma sun fi yawa a kwanakin duhun wata. A ɗaki ma haka suke yi: bayan ka kashe watan naka, wajen tsakiyar kwanakin duhun da ke biyo baya za ka ga balagaggu sun yi ta fitowa. Abin sha'awa shi ne ba hasken kai tsaye suke bi ba. Agogon wata ne a jikinsu, fitilar saita shi kawai take yi. Idan aka saba musu da wata na wasu watanni sannan aka daina kunnawa, za su ci gaba da balaga a kan tsohon lissafin na ɗan lokaci. Hauenschild ne ya fara nuna haka, ayarin Kristin Tessmar-Raible a Biyena ya tabbatar a 2013, kuma a 2022 suka bayyana wani furotin mai suna L-Cry da ke taimaka wa tsutsar ta bambanta hasken wata da na rana.

Abin da wannan ke nufi a aikace: kada kowa ya shiga ɗakin da dare ya kunna fitila, kada hasken baranda ya kutso ta ƙasan ƙofa. Haske kaɗan a daren da bai kamata ba yana rikita musu lissafi, balagarsu ta warwatse, ka samu mace yau ba namiji, gobe namiji ba mace. Tunda mako biyu kawai a wata ake samun ƙwai sosai, manyan ɗakunan bincike suna kafa ɗaki biyu, watan ɗaya ya saɓa wa na ɗaya da mako biyu, idan wannan ya yi shiru wancan yana bayarwa. A ganina duk mai son yin aiki da ƙwai a kai a kai gara ya fara da biyun tun farko, ko da kabad biyu ne masu rufin da ba ya shigar da haske.

Mataki na 3: gane balagaggu da haɗa su

'Yan kwanaki kafin ta balaga, tsutsar tana daina cin abinci. Hanjinta ya motse, idanunta huɗu su kumbura, 'yan ƙafafun da ke bayan jikinta su faɗaɗa su zama filafilan iyo. Wadda ta yi watanni tana rarrafe a ƙasan roba ta koma mai gudu a ruwa. Launi ne zai gaya maka jinsi. Mace ruwan ɗorawa ce saboda ƙwan da ya cika mata jiki. Namiji gabansa fari ne don maniyyi, bayansa kuma ja saboda jijiyoyin jini da suka ƙaru. Kafin wannan lokacin ba ka iya bambanta su da kallon ido kawai.

Da dare suke barin gidajensu, don haka zagayen safe wajibi ne, har ranakun hutu. Ka duba kowace roba, duk wadda ka ga tana iyo ka tsamo ta da bututun tsotso mai faɗin baki, maza a kofi daban mata daban. Kada ka ce sai gobe. Balagaggiyar da ta fito ba ta daɗewa, kuma ƙwan da ya kwana ba ya yin kyau.

Sai ka ɗauki ƙaramin kofi mai tataccen ruwan teku, ka saka mace ɗaya da namiji ɗaya. Za su fara zagaya juna da sauri, namijin yana kewaya ta a ƙananan da'irori. Magana ce ta sinadarai: macen tana sakin yurik asid a ruwa, shi ne yake sa namijin ya fesa maniyyi, ruwan ya yi fari-fari, abin da ya saki kuma ya sa jikin macen ya tsage ƙwai su zubo. Duk a cikin 'yan mintuna. Mace ɗaya tana ba da ƙwai 2,000 zuwa 3,000. Da ganin ƙwan sun zubo, rubuta awa da minti a jikin kofin, don daga wannan mintin za ka ƙirga duk abin da zai biyo baya. Ka cire iyayen, sun gama nasu. Ka bari ƙwan su kwanta a ƙasa, ka tsiyaye ruwan sama ka zuba sabo, domin maniyyin da ya yi yawa yana lalata ƙwai.

Idan sun ƙi yi, zuba ɗan ruwan kofin da wasu suka riga suka haihu a ciki yakan motsa su, ko a ƙara namiji na biyu.

Mataki na 4: awoyin farko

Faɗin ƙwai ɗaya maikiromita 160 ne, wato shida a jere ba su cika milimita ɗaya ba. Ba sai da maikiroskof za ka san ko ya ɗauka ba. Ƙwan da maniyyi ya shiga yana fitar da yauƙi mai kauri ya kewaye kansa, yauƙin ya ture maƙwabtansa, cikin awa guda sai ka ga ƙwan sun jeru a ƙasan kofi da tazara iri ɗaya kamar saƙar zuma. Idan ka ga sun cunkushe wuri guda babu tazara, ba su ɗauka ba, zubar da su ka wanke kofinka.

Wajen awa 2 ƙwan zai rabu biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Rabuwa ta biyu ta ba da ƙwayoyi huɗu da masana ke kira A, B, C da D, kuma D ce babbarsu. Daga nan kowace rabuwa tana karkacewa, wannan karon dama, na gaba hagu. Irin wannan rabuwa mai murɗewa ita ce ta dodon koɗi da kawa da sauran danginsu, babban reshe na dabbobi da ɓera da ƙuda ba sa ba da labarinsa. Kuma a kowane ƙwai tsarin ɗaya ne, har an ba kowace ƙwaya suna. Wadda ake kira 2d ita ce tushen fatar gangar jiki da igiyar jijiyoyin ciki. Wadda ake kira 4d ita ke ba da tsokar jiki, kuma daga gare ta ake ware ƙwayoyi huɗu da za su zauna shiru har wata da watanni kafin su zama ƙwai ko maniyyin zuriya mai zuwa. Za ka kuma ga manyan ɗigon mai guda huɗu a cikin ƙwan, guzurin jariri ke nan har ya fara ci da kansa.

Mai son sauya ƙwayoyin gado a wannan ɗan tsakanin yake aiki, kafin rabuwar farko. Ana zuba ƙwan a rariyar nailan mai ƙananan ido a wanke yauƙin da ruwan teku, a ɗan jiƙa su a wani sinadari mai tausasa ɓawo, sannan a jera su a yi musu allura ɗaya bayan ɗaya da siririyar allurar gilashi. Ta haka aka samu tsutsotsi masu ƙwayoyin jijiya masu walƙiya, da waɗanda aka kashe wa wata ƙwayar gado da fasahar yanke ƙwayoyin gado irin TALEN ko CRISPR. Aiki ne na hannu da haƙuri, kuma minti 30 zuwa awa guda kawai kake da shi.

Mataki na 5: daga rana ta farko zuwa ta bakwai

A awa 24 jariri ya zama tirokofo: ɗan dunƙule mai ɗamarar siraran gashi a tsakiya, yana kaɗa su yana juyi cikin ruwa. Yana da ɗigon ido biyu, kowane ƙwaya biyu kacal, ɗaya mai jin haske ɗaya mai yi mata inuwa. A 2008 Gáspár Jékely da abokan aikinsa suka nuna cewa jijiyar wannan idon tana zuwa kai tsaye ga gashin da ke kusa da shi, idan haske ya bugi ɓangare guda gashin wajen ya sauya kaɗawa, jaririn ya karkata. Babu ƙwaƙwalwa a tsakani.

Wannan halin nasu yana rage maka aiki. Haska fitila a gefe guda na kofin, lafiyayyu za su taru a wajen hasken cikin 'yan mintuna. Tsotse su ka mayar sabon ruwa, ka bar yauƙi da matattun ƙwai a baya, don su ne ke jawo ƙwayoyin cuta. Wasu suna ɗiga magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fenisilin da sitireftomaisin, kaɗan a ruwan kwanakin farko.

Daga awa 48 jiki yana miƙewa, gashi masu tauri su fara ɓullowa a gefe, idanun manya su bayyana. Wajen awa 66 zuwa 72 ya zama nektoket, mai kai da gaɓoɓi uku, kowace da ƙafafu biyu da tsumagiyar gashi. Yana iyo, yana kuma gwada rarrafe. Wannan ɗan kwana uku shi ne aka yanka ƙananan yanka dubbai aka ɗauki hotonsa da maikiroskof mai aiki da lantarki, aka bi ƙwayoyin jikinsa sama da 9,000 da yadda jijiyoyinsa ke haɗuwa, taswirar jiki sukutum. An yi wa ɗan kwana shida makamancin haka a Heidelberg, aka ɗora bayanin ƙwayoyin gado a kan kowace ƙwaya. Duk wannan ya yiwu ne don jarirai masu awoyi ɗaya kusan kwafin juna ne, kuma ba su zama kwafin juna ba sai idan sanyin ɗakin bai motsa ba.

Idan za ka duba su a maikiroskof suna da rai, gauraya ruwan teku da ruwan magnesiyam kulorayid mai ƙarfin kashi 7.5 cikin 100, rabi da rabi. Za su sandare, kuma su farfaɗo idan ka mayar da su ruwa zalla.

Mataki na 6: abincin farko

Tsakanin kwana 5 da 7 ɗigon man nan ya ƙare, hanji ya buɗe, jarirai su sauka ƙasa su fara neman abinci. A nan ne aka fi yin asara. Ka mayar da su babbar roba da aka riga aka zuba wa gansakukar teku mai rai, irin su Tetraselmis, wadda ke kwanciya a ƙasa ta yi kore-kore. Kaɗan-kaɗan za ka ba su. Abincin da ya yi yawa ya ruɓe ya fi yunwa kashe jarirai. A makonnin farko kada ka sauya ruwa, don ba ka ganinsu da kyau, za ka zubar da su tare da ruwan.

Daga wannan lokaci jadawalin awoyi ya daina aiki. 'Yan uwa ɗaya, wani ya yi gaɓa goma wani yana kan biyar. Yanzu da yawan gaɓoɓi ake faɗin girmansu, ba da kwanaki ba.

Mataki na 7: dogon zaman bututu

Sababbin gaɓoɓi daga baya suke fitowa, a wani ɗan yanki gab da dubura, ɗaya bayan ɗaya. Idan sun kai biyar zuwa shida wani abu yana faruwa a gaba: gaɓar farko ta zubar da gashinta, ƙafafunta su zama dogayen gashin-baki na jin abu, ta shige cikin kai. Tsutsar kuma ta fara saƙa wa kanta bututu da wani zare mai danƙo da ke fita daga ƙafafunta, ta manna shi a ƙasa ko kusurwar roba. A ciki take yini tana kaɗa jiki don ruwa ya riƙa wucewa, da dare ta leƙo ta jawo abinci da muƙamuƙanta biyu.

Abincin manya alayyahon Turai ne da aka yanka ƙanana, da garin abincin kifin ado, da gansakuka ko garin sifirulina, sau biyu a mako. Alayyahon lallai ya zama wanda ba a fesa wa maganin ƙwari ba, abin da ba zai yi wa mutum komai ba yana iya kashe roba guda cikin dare. Washegari ka tsince ragowar da ba su ci ba. Ruwa kuwa duk mako biyu, a tsiyaye a hankali a zuba sabo ba tare da an kankare bututunsu ba.

Bayan wata ɗaya ko biyu sai a rarraba su, 20 zuwa 30 a kowace roba. Idan sun cunkushe suna faɗa, suna cizge wa juna wutsiya, girma ya tsaya, balaga ta yi nisa. Ba ɓarna ba ce duka, don wutsiyar tana sake tsirowa, kuma wannan shi kansa fagen bincike ne da ayarin Eve Gazave da Guillaume Balavoine suka yi aiki a kai a Faris. Ka sumar da tsutsa da ruwan magnesiyam, ka yanke bayanta da reza, cikin kwana 5 za ka ga sababbin gaɓoɓi sun fara jeruwa. Kai kuwa ba ya dawowa.

Abin da ke riƙe tsutsar a wannan matsayi na ƙuruciya wani sinadari ne daga ƙwaƙwalwa. Tun zamanin Hauenschild aka san cewa idan aka cire kan tsutsa, gangar jikin tana gaggawar balaga, kuma ba ta iya sake tsiro da wutsiya. A 2016 masu bincike a Biyena suka gano cewa sinadarin shi ne metilfanesowet, dangin wanda ke hana ƙwari saurin rikiɗa. Muddin yana da yawa tsutsar tana ƙara gaɓoɓi tana gyara raunukanta. Idan ya ja baya, girma ya tsaya, ƙarfin jiki duka ya koma wajen ƙwai da maniyyi. A lokacin tana da gaɓoɓi 70 zuwa 80.

Yaushe? Masu sauri wata 3 zuwa 4. Wasu daga uwa ɗaya sai sun shekara, har wata 18 an gani.

Mataki na 8: kada zuriya ta yanke

Wannan tazarar ce take sa dole a riƙa kafa sababbin robobi kowane wata, ko kana da gwaji a gaba ko ba ka da shi. Daga kowane zagayen wata ka ware ƙwan wasu ma'aurata don kiwo kawai, daga iyaye daban-daban, ka rubuta ranar haihuwa da asalin iyaye a jikin roba. Idan kana riƙe da zuriyar da aka sauya wa ƙwayar gado abin ya fi wuya, don sai mace da namiji masu sauyin sun balaga a safiya ɗaya. Maganinsa yawa: robobi da dama na zuriyar, masu shekaru daban-daban, a ƙarƙashin wata ɗaya.

Tsutsotsin farawa kuma, roƙo su daga ɗakin binciken da ya daɗe yana kiwo, ana aika matasa a kwalaben ruwan teku kuma suna jure tafiyar 'yan kwanaki. Kamo na daji yana da tarko. Akwai 'yar uwarta Platynereis massiliensis da ke zaune a wurare ɗaya a Bahar Rum, kuma kafin balaga ba a bambanta su da ido. Ita ba ta fita iyo, ba ruwanta da rawar kofi. A cikin bututu take zuba ƙwai masu girma, ana renonsu a nan, kuma tana fara rayuwa a namiji kafin ta koma mace. Wanda ya kwaso ta bisa kuskure zai yi ta kunna wata yana kashewa bai ga balagaggiya ko ɗaya tana iyo ba. Idan dole sai na daji, a ajiye su a roba daban, a gwada ƙwayoyin gadonsu, kuma kada a haɗa su da tsohuwar zuriya sai an ga sun haihu a kofi an ga tirokofo yana bin haske.